Larurata a Maƙalar Taubashina

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni malamar lissafi ce a wata sakandare mai zaman kanta a Tarauni, gidanmu kuma a Gyadi-Gyadi. Mace ce ni mai baki, ba na barin ta kwana, kuma ina son aikina kamar me. Bayan na haifi tagwayena, tun ban yi arba'in ba, hankalina ya taɓu. Na daina barci, ina jin ana kirana a ɗakin da ba kowa, har wata rana na kulle kaina da jariran ina cewa za a sace su. Mijina ya kai ni asibiti aka ɗora ni a kan magani, Allah ya ba ni lafiya na koma aji. A makaranta abin da aka sani kawai jego ne ya zo min da wuya.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, yana koyar da fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a wata babbar makaranta. Tun muna yara tsokana ce tsakaninmu. Wata rana ya zo ya ce min ƙarin girmansa ya maƙale sai ya wallafa maƙala a mujallar masana, in taimaka in ba shi labarina, ya rantse ba zai sa sunana ba. Na ce masa ashe yau ni ce uwar ɗakinsa, tunda a bayana zai hau ya zama furofesa. Muka yi dariya, na zauna na zayyana masa komai, har abin da ban taɓa faɗa wa mahaifiyata ba. Ban tambayi waɗanda za su karanta ba, ban kuma ce ya nuna min kafin ya tura ba. Ganina ɗan gida ne.

Sunan kam bai sa ba. Amma ya rubuta shekaruna, ya ce malamar lissafi ce a makarantar kuɗi a Tarauni, mai tagwaye mace da namiji. Don Allah, mu nawa ne haka a unguwar? Ranar da maƙalar ta fito, murna ta sa ya tura ta a zauren Wasap na waɗanda suka yi sakandare tare, ana ta yi masa Allah sanya alheri. A cikinsu akwai mahaifin wata ɗalibata, shi kuwa ya zauna ya karanta tsaf.

Ba a jima ba mai makarantarmu ta kira ni ofis. Ta ce ita ba ta ga aibina ba, amma iyaye sun dame ta da waya suna tambaya ko a hannun mai hankali 'ya'yansu suke. Ta ce in koma kula da ɗakin karatu har maganar ta lafa. Maganar ba ta lafa ba. Yaran da suke rige-rigen karɓar jakata suka koma leƙena ta taga suna ƙus-ƙus. Ranar da na ajiye aikin na yi kuka a cikin adaidaita sahu tun daga makaranta har ƙofar gida.

Da na sami taubashin nawa, cewa ya yi ai babu suna, kuma mujallar ba ta nemi shaidar amincewata a rubuce ba, da ta nema da ya kawo min na gani. Kawu ya ce in rufa masa asiri, ɗan'uwana ne, kada in ɓata masa aiki. Ni ban ji wanda ya yi maganar nawa asirin ba. Mijina ne ya matsa wa editan mujallar har suka sauke maƙalar daga shafinsu suka ba da haƙuri, amma kafin nan ta shiga wayoyin mutane, shi kuma ya samu ƙarin girmansa. Yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, wasan ya mutu.

Abin da na koya shi ne cire suna ba ya ɓoye mutum a unguwar da kowa ya san kowa. Masu bincike, ku nuna wa mai labari abin da kuka rubuta kafin ku tura. Editoci, kada ku wallafa ciwon wani sai kun tabbatar ya gani ya yarda. Wanda kuma aka zo neman labarinsa, ya yi tambaya ko da ciki ɗaya suka fito da mai nema.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yar maƙwabciyata da ta haihu kwanan baya. Na shiga barka na ga idonta, na gane abin da ke damunta, domin na sha shi. Na ja uwarta gefe na roƙe ta su kai ta asibiti. Ta dube ni ta ce in yi haƙuri Malama, su ba za su kai 'yarsu inda za a rubuta ta duniya ta karanta ba, kamar yadda aka yi min. Har yau yarinyar tana ɗaki a kulle, ina jiyo kukanta ta katanga.