Yadda Kawu Mai Niƙa Ya Koyi Magana da Hannu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a ɗakin injin niƙa ya yi ƙuruciyarsa, a nan kuma furfura ta same shi. Ɗaki ne ƙarami mai rufin kwano, gari ya yi wa bango fari fat, har da girar Kawu. In ya tayar da inji, wanda ke bakin titi ma sai ya ɗaga murya.

Jinsa a hankali ya tafi, ba ko sallama. Da farko cewa ya yi mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Daga baya duk abin da aka faɗa masa, sai ya ce, "Haka ne." Wata rana matarsa ta ce, "Maigida, akuya fa ta cinye maka hula." Ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Muka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ja shi asibiti. Suka tarar benci ya cika: tsofaffi, masu walda, wata uwa da jaririya a cinya. Likita ta duba ta ce jijiyoyin kunnen sun lalace, na'urar ji ba za ta taimaka sosai ba.

"Irinsa suna da yawa?" in ji matar Kawu.

"Miliyoyi ne, Mama, ko'ina a duniya."

Kawu bai ji wannan ba. Ya dawo gida ya daina zama wajen hira, abinci ma shi kaɗai yake ci.

Jikin ɗakin injinsa akwai wata tela, kurma tun haihuwa, wadda shekara da shekaru gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Ita ta fara lura da shirunsa. Ta shigo ta taɓa kafaɗarsa, ta nuna inji, ta murza dunƙulen hannu a tafinta, alamar niƙa ke nan a maganar kurame. Ya kwaikwaya ba daidai ba. Ta ɗan buge masa yatsu kamar ɗan makaranta, sai ga Kawu yana dariya.

Kullum in aiki ya lafa sai ya leƙa shagonta, matarsa na biye da shi, ita ma tana koyo. Ta ma fi shi saurin ɗauka.

Kwanaki na same shi da matarsa a tsakar gida, hannuwanta na ta kai da komo. Na nuna ta, na tambaye shi da ido me take cewa.

"Faɗa take yi!" ya ce da ƙarfi. "Da can ina da uzuri. Yanzu in ba rufe ido na yi ba, ba ni da mafita."

Bai rufe ɗin ba. Ya gyara zama, ya zuba mata ido har ta gama.