Tsinken Inna a Shafi na Tamanin da Takwas

Wata rana, Talata ce da hantsi, na kwashe littattafan mahaifiyata na zuba a buhu na fita da su.

Ban yi niyyar dawowa da su gida ba.

Kun sha tambayata a shafin nan: "Nazifi, me kake karantawa yanzu? Ka daina ba mu labarin littattafai." Wata bakwai ina yi muku shiru. Yau zan amsa. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na ƙaramar sakandare karatuna ya tsaya.

Inna ba ta iya boko ba. Amma ban taɓa ganin mai son labari kamarta ba.

Ni nake karanta mata. Bayan la'asar, tana tsince wake a faifai, ni ina bin layi da yatsa, ina tuntuɓe a kan dogayen kalmomi. Ba ta taɓa yi min dariya ba. Mutanen cikin littafin take yi wa faɗa, kamar suna tsaye a tsakar gidanmu.

"Ƙarya yake yi!" Haka za ta ce, ta buga faifai. "Kada ki yarda da shi, 'yar nan."

Idan aka kira magariba sai ta karyo tsinke daga tsintsiya, ta sa a inda muka tsaya. Ba ta yarda a lanƙwasa takarda. Wai littafi ma yana jin zafi.

Na ƙarshen da muka ɗauka tsoho ne, bangonsa ya yage, ba mu san sunansa ba, ba mu san wanda ya rubuta ba. Inna ta raɗa masa "na mai kwalekwale".

Labarin wa da ƙane ne, Tanimu da Gambo. Suka gaji kwalekwale ɗaya a bakin kogi, suka yi faɗa a kansa. Gambo, ƙanen, ya yi fushi ya bar gari. Shekara goma sha biyu Tanimu yana ƙetarar da mutane, kullum idonsa na ɗaya gaɓar.

Muka yi gardama da Inna. Na ce Gambo zai dawo su shirya.

Ta ce, "Zai dawo, amma ba zai tarar da shi ba. Mai fushi ba ya lura da tafiyar rana."

Saura shafi goma sha ɗaya mu gama aka kira ni aikin shimfiɗa tayil a Abuja. Sati uku kacal. Na ce, "Inna, in na dawo za ki ga ni ne da gaskiya."

Ta sa tsinkenta. Ta ce, "Je ka dawo."

Kwana goma sha tara da tafiyata aka bugo min waya. Zazzaɓi ne na kwana biyu. Kafin motarmu ta shigo Funtuwa an riga an kai ta makwancinta.

Na dawo.

Ban tarar da ita ba.

Tun daga nan ko rubutun jikin kwalin shayi ba na son gani. Littattafan suna jere a kan taga, duk na shiga ɗakin sai in ji kamar jira suke in buɗe baki. Shi ya sa na yanke shawarar in kai wa mai ƙosai ta yi naɗi da su. A ƙalla su yi wa wani amfani, ni kuma in huta.

Na tafi can bakin tasha, nesa da unguwarmu, don kada wata rana in sayi ƙosai in ga shafin da na sani.

Wata dattijuwa na samu. Ban san sunanta ba, har yau ban tambaya ba. Siririya ce, tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, tana sakin ƙullu a kasko ba tare da ta duba ba.

Na gaishe ta. Ta ce, "Samari, me ke cikin buhun?"

"Takardun naɗi ne, Gwaggo. Kyauta na kawo miki."

Ta goge hannu a zani, ta zaro ɗaya, ta buɗe. Sai ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Littafin Hausa? Kai ɗan nan, me na yi maka kake so ka kai ni wuta?"

Ta ƙara da cewa:

"Nuna min shafi ɗaya a littafin Bahaushe da ba a ambaci Allah ba. Ko ɓarawo ne a ciki, zai haura katanga sai ya ce in sha Allahu. In naɗe ƙosai da sunan Allah, a ci, a jefar a kwata?"

Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Kunya ta kama ni.

Ta nuna min abin da take naɗi da shi: tsofaffin takardun jarrabawar lissafi. Ta ce, "Lissafi ne kaɗai ba ruwansa da kowa."

Ta ba ni labari tana juya ƙosai. Shekaru da suka wuce wani malami ya sayi ƙosanta, ya dawo mata da takardar, ya nuna mata sunan Allah a jiki, mai ya jiƙa shi. Bai yi mata faɗa ba, nuna mata kawai ya yi. Kwana uku ba ta fito tuya ba. Daga nan ta shiga ajin yaƙi da jahilci, tana da jikoki, don kawai ta riƙa gane kalma ɗaya.

Ta ce, "Kalma ɗaya na je nema, sauran suka biyo ni gida."

Ta janyo wani kwali daga ƙarƙashin benci. Cike yake da littattafan da aka kawo mata naɗi ta ƙi yagawa. Duk ta karance su.

"Satin da ya wuce na gama wani. Yarinyar ciki tun shafin farko take kuka har na ƙarshe. Na ce da hawayen nan man gyaɗa ne, da na huta da saye. Kai me kake karantawa?"

Na ce, "Na daina."

Ta ci gaba da zaro na buhuna ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan marar bango. Ya buɗe da kansa a inda tsinken yake.

Shafi na tamanin da takwas.

"Wa ya sa wannan?"

Na gaya mata. Duka. Ban san yadda aka yi ba, abin da na kasa faɗa wa 'yan uwana na faɗa wa mai ƙosai a bakin tasha.

Ta yi wa Inna addu'a. Sannan ta ce, "Unguwarku babu mai karatu sai kai?"

"Akwai, Gwaggo. Har 'yar maƙwabtanmu kullum tana shigowa."

"Mace mai son labari haka, ta kwana goma sha tara da ƙarshen labari a kan tagarta, ga masu karatu suna shigowa, ba ta matsar da tsinken nan ba?"

Sai ta ci gaba:

"Ba ƙarshen labarin take jira ba, ɗan nan. Kai take jira. Ta ajiye maka wurinka, kai kuma ka kawo min in zuba masa yaji?"

Na zauna a bencin.

Ta miƙo min littafin. Ta ce, "Hannuna mai ne. Karanta min. Kuma ka ɗaga murya, kunnena ɗaya ya yi ritaya."

Na ce ban iya sosai ba, ina tuntuɓe.

Ta ce, "Wanda ke tafiya ne ke tuntuɓe."

Na ɗora yatsa a layi. Na fara.

Shafi na farko ban san me na karanta ba. A na uku na lura wani direba da ya zo sayen ƙosai bai tafi ba, yana tsaye da takardarsa a hannu. Wata mata mai goyo ta zauna a gefen bencin.

Gambo ya kamo hanyar gida. A mota yake ce wa wani fasinja shi dama kullum yana da niyyar dawowa, aiki ne ya riƙe shi.

Sai Gwaggo ta buga cokali a bakin kasko.

"Ƙarya yake yi!"

A nan na kasa.

Kukan da ban yi a ranar da na iso gida ba, a nan na yi shi, a gaban direba da mai goyo. Babu wanda ya ce in yi haƙuri. Jira suka yi. Ƙosan da ke kasko ya ƙone, Gwaggo ba ta ko waiwaya ba.

Da na samu numfashi na ƙarasa.

Inna ce da gaskiya.

Gambo ya dawo, Tanimu ya rasu damina biyu da suka wuce. Amma da ya iso bakin kogi ya ga kwalekwalen ɗaure a gaɓar da yake tsaye, ba a gaɓar gari ba. Wasiyyar wansa ce: "Ku ɗaure shi a can ƙetare, kada yaron nan ya zo ya rasa abin hayewa."

Na rufe littafin. Tsinken yana hannuna.

Direban ya share ido da hularsa, ya ce hayaƙin murhu ne.

Gwaggo ta ce, "Marubucin ya yi gaggawa a ƙarshe, kamar mai tuya da wuta ta yi yawa, waje ya soyu ciki da saura. Amma maganar kwalekwalen nan, Allah Ya saka masa. Ya san mutane."

Ni ma ra'ayina ke nan, ga masu tambaya. Littafi ne marar bango, marar suna, kuma ban taɓa karanta wanda ya fi shi ba.

Ta ɗaure bakin buhuna da kanta, ta ce in mayar da su kan tagarsu. In ina so in riƙa kawo mata ɗaya-ɗaya, aro, ba naɗi ba. Ta zaro wani daga kwalinta ta ɗora min a sama.

"Wannan babu kuka da yawa. In ka gama ka zo mu yi gardama."

Shi nake karantawa yanzu. Bayan la'asar, a tsakar gida, da ƙarfi.

Ina shafi na ashirin da uku.

Tsinken Inna ne a ciki.

Darasi: Waɗanda suka riga mu tafiya ba su yage mana shafin ba, alama suka sa mana a inda za mu ci gaba. Kada zafin rashi ya sa ka jefar da wurin da aka ajiye maka. Kuma kada ka raina mai zama bakin kasko, wata ta je neman kalma ɗaya don girmama sunan Ubangijinta, Ya ba ta duka.

Idan akwai wanda ka sani ya rufe wani abu tun ranar da ya yi rashi, tura masa wannan. Ku rubuto min abin da kuke karantawa da shafin da kuka tsaya. Wanda duk ya kai nan, ya sa Inna a addu'a. Allah Ya jiƙan iyayenmu.