Ranar da Wayata ta Tara wa Baba 'Yan Dubiya

Wata Asabar da safe, a gidanmu na unguwar Alsahafa, Inna ta ja ni gefe ta rage murya. "Babanku fa fitsarinsa ya yi ja. Kunya ta hana shi faɗa."

Nan take na zaro waya na rubuta tambayar da Larabci. Shafin farko ya ce dajin ƙoda ne. Na biyu ma haka, har da hoton garin maganin da suke sayarwa. Na tura wa yayata a Omdurman, ita kuma ta jefa a zauren dangi na waya. Kafin azahar tsakar gida ta cika. Gwaggo, yayar Baba, tun daga cikin raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, take kuka.

Baba na kan angareb, gadonsa na igiya, yana kurɓar gahawa. "Wa ya rasu?"

Ni na daure na yi masa bayani.

"Tsargiya ce," in ji shi. "Na taɓa yin ta lokacin da muke tsinkar auduga a Jazira."

Duk da haka muka lallaɓa shi zuwa asibitin unguwa. Likitar, wata mai fara'a, ta sa aka gwada fitsarin. Babu jini, babu tsargiya.

"Ya Hajj, me ka ci jiya?"

Ashe a walimar maƙwabta ya share kwanon salatin banjar, tushen nan ja wur, ya haɗa da rabon abokinsa marar haƙora. Likita ta yi dariya har da riƙe tebur.

Da na nuna mata shafukan, ta ce, "Ki riƙa duba wa ya rubuta. Ma'aikatar lafiya ce, ko asibitin koyarwa? In kin ga suna tallar magani, rufe." Ta buɗe min wani shafi. Ga banjar a jerin dalilai, ga tsargiya, ga munanan ma, sannan shawarar a je a gwada. Ta ce zuwan da muka yi shi ne daidai.

Na sa sakamakon a zauren dangi, ba wanda ya tura gaba. Har sati ya zagayo dangi na bugowa daga garin Madani suna jajantawa, Baba da kansa yake ɗauka. "Da sauƙi, alhamdulillah," yake cewa, don ya gaji da ba da labarin salatin.