Fadamar Illo a Zauren Kawuna

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe yana yi wa manyan motoci ado a Bagudo. Shi ke zana zaki da dawisu a jikin motocin da ke kai shinkafa da albasa bakin iyaka. Da gwiwoyinsa suka gaji da hawa tsani, sai ya koma zaure ya fara zane a kan yadi, don kansa kawai.

Shekarar da aka maido ni gida koyarwa, na raka shi gaisuwar wani abokinsa a wani ƙauye kusa da Illo. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cinye hanya, dole muka hau kwalekwale. Gulbi ya fara janyewa daga fadama: nan jan laka, can koren shinkafa, tsakaninsu ruwa kwance yana ɗaukar ido. Kawu mai surutu ne, amma har muka sauka bai ce uffan ba.

Washegari na same shi da takardar buhun siminti da gawayi, yana ta ja-in-ja da layuka. Ya yi zane kusan goma, ya zaɓi ɗaya. Ya ɗaure farin yadi a jikin katako da ƙananan ƙusoshi, ya shafe shi da farin fenti sau biyu. Cikin mako guda hoto ya fito: ga kwalekwale, ga giginya uku, ga shanu a bakin ruwa, har ƙahonninsu kana iya ƙirgawa. Na ce masa ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

"Mi kika fara gani, ɗiyata?"

"Farar saniyar nan."

"To kin gani. Ni kuwa ba saniya ta hana ni magana ran nan cikin kwalekwale ba."

Ina tsaye ya ɗauki wuƙa ya kankare shanun. Kwana biyu bayan haka giginyun suka bi su. Kwalekwalen ya fi daɗewa, don shi ma yana son sa, amma wata safiya na tarar ya shafe shi da tafin hannu.

Daga nan aikin ya koma na launi. Koren fentin gwangwani bai gamsar da shi ba, ya ce ya yi kama da ƙofar shago. Ya sa aka ɗebo masa jar ƙasa daga fadamar, ya shanya, ya daka, ya tankaɗe, ya kwaɓa da ƙaro. Shuni kuma wata mai fatauci ta sayo masa daga tsallaken Benin. Yakan shafa launi ɗaya sirara, ya bari ya bushe, ya ɗora wani, ta yadda na ƙasa ke leƙowa. Wani wurin da buroshi, wani da tsumma, wani da bayan cokali. Matarsa ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, wanga ai tsumman goge hannu ne." Ya yi dariya ya ce ta ba shi lokaci.

Sai ya juya yadin ya fuskanci bango, ya hana kansa kallo har kwana bakwai. Ya ce ido ma yana sabawa da ƙarya in ya daɗe tare da ita. Ran da ya juyo shi, ya zauna kan tabarma tun hantsi yana dubawa. Gab da azahar ya tashi, ya tsoma tsinken tsintsiya a farin fenti, ya ja siririn layi guda, karkatacce, inda shuɗi ya haɗu da ja. Ya wanke hannu ya tafi masallaci. Bai sake taɓa yadin ba.

Ni dai a lokacin ban san ko ya yi kyau ba. Wadda ta warware mini ita ce wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mana nono. Ta sauke ƙwaryarta a bakin zaure, ta hango yadin, ta tsaya tana kallo.

"Baba, wannan ba fadamar hanyar Illo ba ce, in ruwa ya fara komawa?"

Kawu ya tambaye ta yadda aka yi ta gane.

Ta matso ta nuna inda jan ya yi duhu. "Nan ba a bi da dabba, laka ce mai riƙe ƙafa. Nan gefen ake tsallakawa."

Kawu ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza gemu. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya ce in shimfiɗa mata tabarma, in kawo ruwa. Suka zauna gaban yadin suna hirar fadama har nonon ya fara ɗumi, na ɗauke ƙwaryar na kai mata inuwa.