Shirun Matar Ƙanina

Matar ƙanina 'yar Fulani ce daga wata ruga a gefen Doguwa. Ranar da aka kawo ta gidanmu amarya, sai da na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mayafinta kafin na ga fuskarta. Adda take ce mini, ni kuma har ta bar duniya ban daina ce mata amarya ba. Idan wuƙa ta yanke ta wajen yankan kuɓewa, sai dai ka ga ta dunƙule yatsa a bakin zani ta ci gaba da aiki. A gidansu haka ake rainon 'ya mace: ciwo ba abin faɗa ba ne, musamman naƙudar fari. Wadda ta yi kuka a kan gwiwa, abin gori ne gare ta har ta tsufa.

Da cikinta ya tsufa ta koma gida goyon ciki. Wata safiya cikin damina, masara ta fara bunni, ƙanina ya kira ni ya ce naƙuda ta yi tsawo, sun ɗauko ta daga ruga zuwa wani asibiti a yankinmu. Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Na dama kunun kanwa na zuba a filas, na hau mota daga Tudun Wada.

Na tarar ta sauka, an samu mace. Innarta na zaune a bakin gado riƙe da jaririya, tana ta murmushi.

Ta ce, "Ko uhm ba ta ce ba. Ba ta ba mu kunya ba."

Amarya na kwance, ta lulluɓa da baƙin zanin nan nasu mai kauri, ta juya fuska bango don kada a ce ta kalli 'yarta ta fari. Na tsokane ta na ce, "To sarkin kunya, yarinya dai hancinmu ta ɗebo, kin yi asara." Ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Adda, ruwa."

Na ba ta, ta shanye. Can ta sake nema. Sai hamma, tana yi tana ƙarawa. Na riƙe hannunta na ji shi sanyi ƙalau, ga zufa a goshi. Na haifi nawa, na kuma zauna da masu jego da yawa, ban taɓa ganin leɓe ya yi fari haka ba.

Ma'aikatan jinya biyu ne a ɗakin. Ɗaya tana can kan wata mai naƙuda da ke ta ihu tana kiran uwarta, wannan ma'aikaciyar kam ba na ganin laifinta. Ɗayar na zaune a tebur, wata dillaliya ta baje mata atamfofi tana ɗagawa tana dubawa.

Na ce, "Malama, don Allah ki zo ki duba mana yarinyar can, jikinta ya yi sanyi."

Ba ta tashi ba. Daga inda take ta ɗaga murya, "Ke mai gadon ƙarshe, akwai inda yake miki ciwo?"

Amarya ta dubi Innarta, ta dubi ƙanina da ke tsaye a bakin taga ta waje, ta ce, "Babu."

Malamar ta ce, "Kin ji ko, Hajiya? Mai ciwo ba ta ɓoyuwa. Ga mai ciwo can tana tashin asibiti. Ku ba ta kunu."

Na roƙe ta ko awon jini ta yi mata. Ta ce abin awon yana ɗakin maza, in an dawo da shi za ta zo. Na koma na zauna ina salati a zuci. Da na sake zuwa, cewa ta yi, "Ku 'yan rakiya kun fi likita sani."

Ana kiran sallar azahar na miƙe zan yi alwala, sai na ji silifas ɗina ya manne a ƙasa. Na duba. Jini ne yake ɗiga daga gefen katifa. Katifar mai leda ce, ba ta tsotse komai ba, baƙin zanin kuma ya rufe shi. Na yaye zanin, na saki salati da ƙarfi, wanda ita ta kasa yi.

Nan fa aka hau guje-guje. Atamfofi suka zube ƙasa. Aka nemi jijiya a sa mata ruwa, jijiya ta ɓuya. Likita ya zo yana faɗa, yana tambayar tun yaushe. Babu jini a asibitin, aka ce sai Kano.

A cikin mota kanta na kan cinyata. Ta buɗe ido ta ce, "Adda, tun ɗazu nake jin yana zuba. Na ji nauyin faɗa a gaban Inna."

Na ce, "Da kin raɗa mini, amarya."

Ta ce, "Na ɗauka za su zo su duba."

Na yi ta laƙƙana mata kalmar shahada tana bi a hankali. Ba mu wuce Kwanar Dangora ba ta cika.

A zaman makoki mata suna ta yabonta, wai jaruma ce, har ta tafi ba a ji muryarta ba. Na san kwana ya ƙare, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma na san ɗaga zani ɗaya ne aikin da aka ƙi yi, kuma Allah zai tambayi kowa amanar da aka ba shi. Ƙanina ya ce ya bar su da Allah. Ban sake bi ta ƙofar asibitin ba.

Ni na raini yarinyar, yanzu har ta shiga firamare. Kwanaki Innar amarya ta zo ganinta, yarinyar ta faɗi a tsakar gida ta goge gwiwa, ta ɓare baki. Inna ta ce, "Kul! Yi shiru, uwarki ba ta kuka."

Na ɗauke ta na ɗora a cinya. Na ce, "Bar ta, Inna. Bar ta ta yi a ji ta."

Tsohuwar ta daɗe tana kallona, sannan ta ja bakin mayafi ta rufe fuskarta. Muka zauna mu biyu muna sauraron kukan har ya ƙare.