Bai Tsonyo da Matattun da Suka Ƙi Tafiya

A yi shiru, a cire hula! Ga Bai Tsonyo Gatev ("Bai" a yarenmu kamar a ce "Baba" ne), kawuna wan uwata, sarkin firinta na garinmu da ƙauyuka bakwai na gefen kogin Danube, mutumin da ba ka gama mutuwa sai ka biyo ta shagonsa. Duk takardar sanarwar rasuwa da ka gani manne a ƙofar gida, ko jikin bishiya, ko tashar bas, daga hannunsa ta fito: ta ranar binnewa, ta kwana arba'in, ta wata shida, ta shekara.

Shagon bai fi ɗakin ajiye gawayi ba, tsakanin mai burodi da mai gyaran takalmi. Iyalan mamaci su turo hoto ta intanet, yawanci daga Sifen ko Jamus inda 'ya'yan garin suka watse, shi kuma ya sauke, ya sa baƙin layi a gefe, ya buga.

Abin da ya ɗaukaka shi a idon tsofaffi shi ne alkawarinsa. "Ni ba na riƙe mamacin kowa," in ji shi. "Na buga, na sallama." Kullum kafin ya rufe shago sai ya kunna kyandir, ya buɗe jerin abubuwan da burauzar kwamfutarsa ta sauke, ya kira sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga jan giya a ƙasa, sannan ya danna maɓallin share jeri. Allo ya yi fari fat. Shekara tara yana haka. Zawarawa har dafaffiyar alkamar sadaka suke kawo masa.

Ranar wata Asabar Malama Velichka ta shigo, tsohuwar malamar lissafi da rabin garin suka sha rula a hannunta. Ranar ce arba'in ɗin mijinta Rumen, kuma ƙarfe goma sha ɗaya fadan coci zai yi addu'a a maƙabarta. Idan babu sabuwar takarda a ƙofarta kafin nan, maƙwabta za su ce ta manta da shi tun ƙasa ba ta bushe ba. 'Yarta ta turo hoton da safe. Bai Tsonyo ya danna sauke. Kwamfuta ta ce babu wuri.

"Babu wuri kamar yaya? Wa ke ciki?" Ya buɗe jerin. "Duba, Malama, wayam."

"Tsonyo, matsa. Tun kana aji uku ba ka iya ragewa ba."

"Ajinmu ɗaya fa, Malama."

"Shi ya sa na sani."

Ta gyara tabarau, ta karɓi linzamin kwamfutar. 'Yarta ta koya mata lokacin da waya ta cika da hotunan jikoki. Danna biyu ta yi, jakar ajiya ta buɗe, sai ga fuskoki sun cika allo, sahu bayan sahu, kowa cikin kwat ɗin ranar biki. Dubu tara da ɗari huɗu da 'yan kai.

Bai Tsonyo ya matso kusa da allon. Ga Dobri mai kiwon zuma, sau goma sha huɗu, don ɗansa ba ya yarda saƙo ya isa. Ga tsohon shugaban tashar jirgi da gashin bakinsa. Ga Kolyo mai aski, wanda yana nan da ransa yana aski a tsallaken titi, amma duk shekara yake turo sabon hoto kada a sa masa mummuna.

"Na sallame su," ya ce da ƙaramar murya. "Da giya."

"Sunayensu ka goge daga rajista, ɗalibai suna zaune a aji. Akwai maɓallin gaskiya a gefen kowane abu, wanda yake goge shi kansa hoton. Amma sai yana cikin jerin, kai kuma ka share jerin. Yanzu sai a bi su ta nan. Zaɓe su duka ka danna, ƙarfe goma ta wuce."

"Duka? Mutum dubu tara lokaci guda, kamar tifa ta juye yashi? Ba suna, ba kyandir? Allah ya kiyaye."

"To goge uku, Rumen ba shi da ƙiba."

Nan rigima ta tashi kan wa zai fara fita. Bai Tsonyo ya ce manya tukuna. Ta ce ai duk manya ne. Ya ce to wanda ya fi daɗewa. Suka duba, sai ga Penka, matarsa, hoton farko da ya taɓa saukewa, tana riƙe da kwandon 'ya'yan itacen ceri. Hannunsa ya tsaya a kan linzamin. Malama ta dube shi, ta dubi agogo, ta janye linzamin a hankali ta gangara ƙasa.

"Ga surukata," ta ce. "Sau shida. Fara da ita."

"Malama, ranar arba'in ɗin ɗanta?"

"Shekara talatin ina jiran a nuna mini maɓallin. Kira sunanta, ni zan ɗiga giyar."

Aka kira suna sau shida, aka ɗiga sau shida. Rumen ya sauka, firinta ta yi tarinta ta fito da shi sau goma sha biyu, saura minti ashirin. Bai Tsonyo ya koma jerin burauza, inda Rumen ke zaune shi kaɗai, ya kai linzami kan maɓallin gaskiya.

"Yanzu ɗaya-ɗaya zan riƙa yi, nan take. Zan fara da shi."

"Jiya-jiya ya zo zai riga mutanen shekara tara? Tsallake layi ya yi duk rayuwarsa. Bar shi, abokan cacarsa suna ciki, ya jira." Ta naɗe takardunta. A bakin ƙofa ta juyo. "Ban ga komai ba, Tsonyo. Amma duk Asabar zan zo duba aikin gida."

Tun daga ranar yake sallamar goma kullum, da suna da kyandir. Penka ya bar ta sai ƙarshe. Na zauna na buga lissafi, duk da ni ma a aji tara na tsaya, na je na same shi. Na ce kawu, garin nan mutuwa ta fi haihuwa sauri, kafin ka gama kai ma ka shiga layi. Na ce amma kada ka damu, ina rubuta tarihinka, duniya za ta san jarumin da ya tsare mutum dubu tara a cikin akwati ba tare da ko ɗaya ya yi ƙorafi ba.

Bai ɗaga kai daga allo ba.

"Ka taka wayar firinta," ya ce.