Malama Sa'a da Ƙodar Ragon Sallau

Kafin mahautan Matameye su gama wasa wuƙa, Malama Sa'a ta iso mahauta. Malamar dabbobi ce, aikinta duba nama, amma ƙoda ta fi ɗaukar hankalinta. Tana da jerin kwalabe, daga ƙodar ɗan tayin akuya da ba ta kai ƙwayar wake ba har ta tsohon sa. Ɗaliban likitanci daga Damagaram suke zuwa su ga yadda ƙoda ke tsirowa da yadda take lalacewa. Mahauta kuwa tsiya suke mata, wai ita kaɗai ce ke ajiye abin gashi a kwalba.

Wata safiya aka yanka ragon Sallau, ɗan cin rani mai dako a Kano, saboda ragon ya daina cin abinci. Malama ta tsaga ƙodar, ta gan ta fari fat, ta yamushe. Ta dubi mai ragon, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ta ajiye wuƙa.

"Me kake ba shi, Sallau?"

"Ƙwayar ciwon jiki, Malama. Wadda nake sha kullum, ita nake jiƙa mai."

Ta ɗora ƙodar a faranti kusa da wata lafiyayya, ta tura masa farantin. "Wannan ta ragonka ce. Taka ba a iya buɗewa mu gani, amma faranti ɗaya kuke ci."

Sallau, mutumin da matarsa ta yi ta roƙo ya je asibiti yana ƙi, ranar ya hau motar Damagaram. Likitoci suka ce ya zo da sauran gyara. Yau ga shi yana huɗa gonarsa a Ɗan Barto!

Malama, ke ce kika sa rago ya yi wa mutum magana. Mun gode, kuma muna alfahari da ke ba kaɗan ba. Masu tasowa, kwalaben nan suna jiran wanda zai ɗora.

Ranar da ta ajiye aiki, Sallau ya ratso taron bankwana da ƙunshi mai zafi, gasasshiyar ƙoda da yaji. Ya durƙusa ya miƙa mata.

"Malama, wannan dai don Allah ki ci."

Sai da ta juya ta, ta duba, sannan ta kai baki.